Karin Sauti da Danni: Matsalar Furucin Larabci ga Hausawan Gadarif, Sudan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya koyi wani harshe bayan bakinsa ya riga ya nuna da na gida, da kunnen harshensa na farko yake sauraren sabon. Malamai sun fi lura da wannan a wajen baƙaƙe, domin kuskuren baƙi a fili yake. Idan ɗalibi ya kasa fitar da ainun ko lalli na Larabci, nan take za a ji, a gyara masa. Akwai wani kuskuren da ya fi wannan daɗewa a baki, kuma ba kasafai ake gane tushensa ba. Shi ne na gaɓar da mai magana yake ɗora wa ƙarfi a cikin kalma. Masana Larabci na zamani suna kiran wannan ƙarfi "nabr". A wannan takarda za a kira shi "danni".

Takardar za ta dubi yadda mai jin Hausa yake karɓar dannin Larabci, tare da ɗaukar Hausawan Gadarif a gabashin Sudan a matsayin misali. A misalan Hausa, an ninka dogon wasali, an sa alamar (à) ga karin ƙasa, (â) ga karin faɗuwa, an bar karin sama babu alama. A misalan sauran harsuna, gaɓar da ke da danni ita ce aka rubuta da manyan haruffa.

2.0 Hausawa a Gadarif

Garin Gadarif yana kimanin kilomita 400 kudu maso gabas da Khartum, a kan hanyar da ta nufi Gallabat a iyakar Habasha. Ƙasa ce ta baƙin laka da ruwan damina, ta shahara da dawa da riɗi, kuma a yankinta aka fara noman tarakta a Sudan a tsakiyar shekarun 1940. Larabawan Shukriyya ne suka daɗe da rinjaye a yankin, har garin ya taɓa amsa sunan Suƙ Abu Sin, wato kasuwar gidan sarautarsu.

Hanyar hajji ta ƙasa ce ta fara kai Hausawa can. Ayari ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Aikin auduga na Jazira da aka buɗe a 1925, da noman Gadarif daga baya, sun riƙe mutane da yawa waɗanda suka tsaya neman guzuri. Jikokinsu suna nan a unguwannin garin da ƙauyukan bakin kogin Rahad da na Atbara. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya yi littafi a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take sajewa da Larabci, kuma shi da Catherine Miller sun yi nazarin zaman mutanen Afirka ta Yamma a jihar Gadarif.

Furuci a wannan wuri ya wuce batun cin jarrabawa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a Sudan tun ƙarshen 1897, alhali mafi yawan Hausawa sun iso bayan haka. Dokokin baya sun sassauta sharaɗin, amma kalmar "Fallata", wadda ake yi wa Hausawa da Fulani da Barebari kuɗin goro da ita, ba ta rabu da zargin baƙunta ba. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, wanda ya sa Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala da Khartum, ya nuna cewa maganar ba ta mutu ba. A inda ake auna asalin mutum da bakinsa, gaɓa ɗaya da ta sha danni ba a wurinta ba tana iya jawo tambayar da mai ita bai so ba.

Ya kamata a faɗi cewa matasan da suka tashi a cikin gari suna jin Larabcin Sudan kamar kowane ɗan ƙasa. Waɗanda matsalar ta fi shafa su ne dattawa, da matan ƙauyukan da Hausa zalla ake yi, da yaran da sai ranar shiga firamare suke fara zama da Larabci, da kuma ɗaliban Nijeriya da Nijar da suka yi ta zuwa Sudan karatu kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023.

3.0 Bambancin Karin Sauti da Danni

Hausa harshe ne mai karin sauti. Kowace gaɓa tana da nata matsayin murya, sama ko ƙasa ko faɗuwa, kuma sauya shi yana sauya ma'ana. Dubi waɗannan:

(1) kuukaa 'zubar da hawaye' / kuukàa 'itaciya'
wuyàa 'sashen jiki' / wùyaa 'wahala'
taa zoo 'zuwan ya auku' / tà zoo 'ana so ta zo' / tâa zoo 'ana sa ran zuwanta'

Ba dole ba ne kalmar Hausa ta sami gaɓa guda da ta fi sauran. Kalmar makarantaa gaɓa huɗu ce, dukkansu sama. Kalmar àyàbà gaɓa uku ce, dukkansu ƙasa. Ra'ayin da ya fi rinjaye tsakanin masana tsarin sautin Hausa shi ne cewa danni ba shi da wani aiki mai zaman kansa a harshen.

Danni kuwa sarauta ce ta gaɓa ɗaya. A Larabci da Ingilishi da Jamusanci, kowace cikakkiyar kalma tana da gaɓa guda tak da ta ɗara sauran. Abubuwa uku ne suke haɗuwa su fito da ita: tana ɗan fin sauran tsawo, tana fin su ƙarfin iska, kuma sau da yawa murya tana hawa a kanta. Wannan na ukun shi ne tarkon Bahaushe, domin shi kaɗai ne kunnensa ya saba ɗauka da muhimmanci.

Za a fi gane halin Bahaushe idan aka kwatanta shi da ɗan Indunusiya mai koyon Jamusanci. Littattafan nahawu sun saba cewa dannin harshen Indunusiya yana kan gaɓa ta biyun ƙarshe, amma gwaje-gwajen da masana a Jami'ar Leiden suka yi, irin su Van Zanten da Van Heuven, sun nuna cewa masu harshen da yawa ba su damu da inda aka ɗora shi ba, domin babu kalmomi biyu da danni kaɗai ya raba. Jamusanci kuwa yana da irin su:

(2) UMfahren 'kaɗe abu da mota' / umFAHren 'kewaye abu da mota'
AUgust 'sunan mutum' / auGUST 'watan Agusta'

Ga ɗan Indunusiya, kowane biyun nan abu ɗaya ne aka faɗa sau biyu. Masana suna kiran wannan "kurumtar danni", sunan da ya bazu bayan binciken Dupoux da abokan aikinsa na 1997, wanda ya nuna Faransawa suna shan wuyar rarrabe abin da Sifaniyawa suke ji cikin sauƙi. Bahaushe ba kurman danni ba ne. Yana jin bambancin misalan (2) tun karon farko. Abin da yake yi shi ne ya fassara abin da ya ji zuwa karin sama, sa'an nan ya bi da shi yadda ake bi da karin sama a Hausa. Saboda haka maganin da ake ba ɗan Indunusiya, wato yawan saurare har kunne ya buɗe, bai isa ga Bahaushe ba.

4.0 Shaidar Kalmomin Aro

Babu buƙatar na'ura kafin a tabbatar da wannan magana. Kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci tun ɗaruruwan shekaru sun adana yadda kunnen magabata ya ji danni:

(3) al-BAsal → àlbasàa
al-JANna → àljannàa
al-ƘAlam → àlƙalàmii
al-akhBAAR → làabaarìi
al-KHAIR → àlheerìi
al-'Ahad → Lahàdì
as-SABT → Àsabàr
al-khaMIIS → Àlhàmîs
al-ithNAIN → Lìtìnîn
'ishRIIN → àshìrin
khamSIIN → hàmsin

A kowane misali, gaɓar da ke da danni a Larabci ita ta sami karin sama, gaɓoɓin da suka gabace ta kuma suka sami karin ƙasa. Inda dannin ya faɗa a ƙarshen kalma, sai a sami karin sama kamar a àshìrin da hàmsin da sìttin, ko karin faɗuwa kamar a Àlhàmîs. Shi karin faɗuwa a nan kwaikwayon yadda Balarabe yake sauke murya ne idan ya faɗi kalma ita kaɗai. Abin da aka yi wa Ingilishi ke nan da ya zo: mootàa, teebùr, fensìr, sìmintìi, bâs, kwâf.

Ƙa'idar tana da togaciya. A laafiyàa da duuniyàa karin sama ya bazu zuwa gaɓa ta biyu. Sunan Ùmarù ya ɗauki tsarin ƙasa-sama-ƙasa, alhali Balarabe 'Umar yake cewa da danni a farko, kamar yadda tìkitìi ya saɓa wa asalinsa na Ingilishi. Da alama wannan tsari na ƙasa-sama-ƙasa ya yi yawa a kalmomin aro har ya zama wani ƙalibi da ake zuba sababbi a ciki. Ga malami a Gadarif wannan togaciya tana da muhimmanci, domin ɗalibin da ya san kalma a Hausa yakan ɗauka ya san ta a Larabci. Yana da àlƙalàmii a gida, a aji kuma zai tarar da GAlam, tun da mutanen Sudan da "g" suke furta ƙaf. Kalmar da aka sani rabi ta fi baƙuwa wuyar gyara.

Akwai abu na biyu da misalan (3) suka nuna, wanda ya shafi ginin gaɓa. Hausa tana da gaɓa iri uku: BW kamar wu, BWW kamar kuu, da BWB kamar fen. Ba ta yarda dogon wasali ya zauna a rufaffiyar gaɓa ba, shi ya sa gidaa yake komawa gidan, raanaa ta koma raanar. Larabci kuwa cike yake da gaɓar BWWB, kamar a baab da kitaab da khamiis. Hausa ta bi hanya biyu da su. Ko dai ta ƙara wasali a ƙarshe ta buɗe gaɓar, kamar a baabìi da littaafìi, ko ta gajarta wasalin, kamar a Àlhàmîs da àshìrin. Za a ga illar wannan a gaba.

5.0 Inda Larabci Yake Ɗora Danni

Magabatan nahawun Larabci, har da Sibawaihi, ba su yi babi a kan dannin kalma ba. Ilmin tajwidi ma ya himmatu ne ga maddi da gunna da mafitar haruffa. Sai a ƙarni na 20 masana irin su Ibrahim Anis na Masar suka bayyana shi da Larabci. Wannan ne ya sa almajiri zai iya sauke Alƙur'ani a makarantar allo, ko a "khalwa" kamar yadda ake kiranta a Sudan, ya ƙware a tsawon maddi, ba tare da wani ya taɓa ambata masa danni ba.

Dalilin shirun magabata a bayyane yake. Dannin Larabci ba a haddace shi kalma-kalma, nauyin gaɓa ne yake kawo shi. Ana ƙirgowa daga ƙarshen kalma. Idan gaɓar ƙarshe mai nauyi ainun ce, wato BWWB ko BWBB, ita ce mai danni. Idan ba haka ba, a dubi ta biyun ƙarshe, in mai nauyi ce, wato BWW ko BWB, ta ɗauka. In ita ma sassauƙa ce, danni ya koma ta ukun ƙarshe, ko ta farko idan kalmar gaɓa biyu ce. Sunayen wurare sun isa misali:

(4) kharTUUM, suuDAAN (ƙarshe)
gaDAArif, suuDAAni (biyun ƙarshe)
KAsala, MADrasa (ukun ƙarshe)
SIMsim 'riɗi', DUra 'dawa' (farko)

Karuruwan Larabci sun ɗan saɓa a nan. Mutumin Alƙahira madRAsa yake cewa, mutumin Khartum ya ce MADrasa, don haka ɗalibin da ya koyi furuci daga fina-finan Masar zai zo da nasa kayan daban. Amma ginshiƙin ɗaya ne.

Abin lura shi ne cewa nauyin gaɓa ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Da misalan Hausa da danginta Paul Newman ya kafa hujja a maƙalarsa ta 1972 a kan nauyin gaɓa. Jam'in suna yana bin sa: kiifii da zoomoo, masu nauyin gaɓar farko, suna ba da kiifàayee da zoomàayee, alhali wurii da damoo suna ba da wuràaree da damàamee. Shi ne kuma ya sa arulin Larabci ya zauna daram a rubutacciyar waƙar Hausa tun zamanin masu jihadi. Ke nan ɗalibi yana da ma'aunin a kansa. Abin da bai sani ba shi ne cewa Larabci da wannan ma'auni yake raba danni.

6.0 Wuraren da Ake Tuntuɓe

6.1 Danni yana tafiya, karin sauti yana zaune

Wannan shi ne babban wurin. A Hausa, idan aka liƙa wa suna lamirin mallaka, karin sautin sunan yana nan yadda yake: mootàa, mootàrmù, makarantaa, makarantarmù, teebùr, teebùrinsù. A Larabci kuwa duk ɗafin da aka ƙara yana sauya ƙirgen gaɓoɓi daga ƙarshe, danni ya tashi ya koma wani wuri. Ga misalai daga Larabcin Sudan:

(5) MAKtab 'ofis' / makTABna 'ofishinmu' / maKAAtib 'ofisoshi'
MADrasa 'makaranta' / madraSATna 'makarantarmu'
KAtab 'ya rubuta' / KAtabat 'ta rubuta' / kaTABta 'na rubuta' / kaTABna 'mun rubuta'
KAtabu 'sun rubuta' / kataBOOhu 'sun rubuta shi'

Ɗalibin da ya fara jin MADrasa yakan ajiye ta a ransa da karin sama a kan mad, kamar yadda ya ajiye mootàa da karin sama a kan moo. Ranar da zai ce "makarantarmu", sai ya bar murya a sama a farko, ya ce MADrasatna. Duk baƙaƙensa daidai ne, nahawunsa daidai ne, amma ɗan gari zai ji baƙo ne.

Wani zai ce ai Hausa ma tana sauya karin sauti idan aka yi ɗafi, kamar maalàm da màalàmai, ko dafàa da dafoo da dàfu. Haka ne. Sai dai a nan ɗafin ne yake zuwa da nasa karin ya shimfiɗa wa kalmar baki ɗaya, kuma ajin kalma ne yake tantance shi. Ɗalibin da ya ɗauki wannan tunani zuwa Larabci zai yi ta neman "karin -na" da "karin -at" don ya haddace, alhali -na yana jawo danni ne kawai saboda ya mayar da tab gaɓa mai nauyi ta biyun ƙarshe, shi kuwa -at bai yi haka ba.

6.2 Gajarta wasali a rufaffiyar gaɓa

An ambata cewa bakin Bahaushe yana gajarta dogon wasali idan baƙi ya rufe gaɓa. A Larabci wannan gajartawa tana kashe gaɓar da ke riƙe da danni, wani lokaci ta haifar da wata kalma:

(6) maTAAR 'filin jirgin sama' / MAtar 'ruwan sama'
jaMAAL 'kyau' / JAmal 'raƙumi'

Mai koyo yakan ce matar da gajeren wasali da karin sama a ƙarshe, yana nufin filin jirgi. Mai sauraro ya ji wasalin ruwan sama da hawan muryar filin jirgi, sai ya dogara da sauran zance. A ƙasar da rabin hira damina ce, wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne. A wajen cunkoson baƙaƙe a ƙarshen kalma kuwa an yi sa'a, domin Larabcin Sudan da kansa yana raba da yawa daga cikinsu: isim, 'ilim, bahar.

6.3 Ja da wasalin ƙarshe

Mafi yawan sunayen Hausa gama-gari da dogon wasali suke ƙarewa. Larabcin magana kuwa yana gajarta wasalin ƙarshe idan ba shi da danni. Idan Bahaushe ya ce duraa ko madrasaa, ya ja ƙarshen kamar yadda yake ja a daawàa, kunnen Balarabe yana ɗaukar tsawon nan a matsayin danni. Mai magana bai yi nufin danna komai ba, amma an ji ya danna ƙarshe.

Haka kuma hawan murya yana rabuwa da danni a cikin jimla. Idan aka yi tambaya da KAtab, murya tana iya hawa a kan tab alhali danni yana nan a kan ka. Ɗalibin da ya daidaita danni da karin sama zai ɗauka kalmar ta sauya.

6.4 Inda Bahaushe yake da riba

Larabcin Sudan yana da wani abu da ya saɓa wa ƙa'idar sashe na 5.0. Lamirin mallaka na mai magana, wato -i, yana fitowa fili a ƙarshen kalma duk da cewa gaɓarsa sassauƙa ce. Da haka ake rarrabe "mahaifiyata" da "wanda bai yi karatu ba", dukkansu ummi a rubuce, ko "ƙasata" da "na gargajiya", dukkansu baladi. Wasu masana danni suke kiran wannan. James Dickins kuwa, a littafinsa na 2007 a kan sautukan Larabcin Sudan, karin sama ya ɗauke shi. Larabcin Shuwa na Borno ma yana raba KAtab 'ya rubuta' da kaTAB 'na rubuta'. Baƙon da ya zo daga Sham ko Masar yana iya daɗewa bai kama bambancin ummi biyun nan ba. Yaron da ya tashi da kuukaa da kuukàa zai kama shi a rana ɗaya.

7.0 Abin da Malami Zai Yi

Umurnin da malamai suka fi bayarwa shi ne "ɗaga murya a nan". Ga ɗalibi Bahaushe wannan umurni yana ƙara tabbatar masa da kuskurensa ne, domin ya gaya masa cewa danni karin sama ne. Gara a fara daga abin da ya sani. A rubuta kalmomin Hausa, a sa shi ya raba su gaɓa-gaɓa, ya sa alamar aruli, (v) ga sassauƙa, (–) ga mai nauyi. Idan hannunsa ya faɗa, a kawo kalmomin Larabci ya yi musu haka, sa'an nan a koya masa ƙirge daga ƙarshe. Kada a ba shi kalma ita kaɗai. A riƙa ba shi ita da iyalanta kamar yadda aka jera a (5), don ya ga dannin yana tafiya tun ranar farko, kafin ya ɗaure shi a wuri ɗaya.

Raɗa tana da amfani ƙwarai a nan. Idan mutum yana raɗa, tantanin maƙogwaro ba ya kaɗawa, don haka hawa da saukar murya suna ɓacewa kusan gaba ɗaya. Tsawo da ƙarfin iska kuwa suna nan. A sa ɗalibi ya raɗa kuukaa da kuukàa, zai ji sun kusa zama ɗaya. A sa shi ya raɗa MAKtab da makTABna, zai ji bambancin bai tafi ba. Minti biyar na wannan ya fi dogon bayani. Za a iya ƙarawa da kwatancen kalangu da tafi: kalangu yana iya faɗin kalmar Hausa domin yana bin hawa da sauka, danni kuwa tafi guda ne a cikin kalma.

Darasin nan yana biyan ɗalibi sau biyu, domin Ingilishin da zai haɗu da shi a makaranta yana da danni mai tafiya, kamar a PHOtograph da phoTOgraphy. Sai dai a can babu ƙa'ida mai sauƙi irin ta Larabci, kuma wasalin da ba shi da danni yana raunana har ya kusa ɓacewa, abin da Hausa da Larabcin Sudan ba su saba yi ba.

8.0 Idan Aka Juya Fuska: Mai Larabci da Karin Sautin Hausa

Sashen koyar da Hausa yana da nasa rabon a wannan matsala. Akwai matasa 'yan asalin Hausa a biranen Sudan waɗanda Larabci ya fi ƙarfi a bakinsu, akwai kuma Larabawa masu koyon Hausa don ciniki ko bincike. Su kunnensu gaɓa ɗaya mai sarauta yake nema a kowace kalma. Kalma mai tsarin sama-ƙasa kamar kuukàa ba ta ba su wahala, domin ta yi kama da danni a farko. Wahalar tana ga kalmomin da suke sama-sama. Ƙa'idar Larabci za ta sa su danna kuu su saki kaa, sai kukan yaro ya koma itaciya. Haka makarantaa za ta zama makaRANta, murya ta hau a gaɓa ɗaya ta sauka a ƙarshe, wasalin ƙarshe kuma ya gajarce. Mafi tsanani shi ne abin da ya shafi lokutan aiki, inda taa zoo da tà zoo da tâa zoo suke iya narkewa su zama abu guda.

Rubutun boko ba ya taimaka musu, tun da ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ajami ya fi shi a wannan fuska ɗaya, domin yana iya nuna dogon wasali da alif da wawu da ya, kuma duk yaron da ya yi firamare a Gadarif ya san waɗannan haruffa. Malamin Hausa a irin wannan aji zai iya rubuta sabuwar kalma da ajami don tsawo, ya rubuta ta da boko mai alamomi don karin sauti. Atisayen farko kuma ya kasance na kalmomin sama-sama, irin su ruwaa, wutaa, kiifii, raanaa, makarantaa, ana faɗinsu da murya a miƙe kamar layin da aka ja da rula, har ɗalibi ya daina sauke ta a gaɓar ƙarshe. Bayan nan ne za a shigo da wuyàa da wùyaa, sa'an nan a zo ga lamiran lokaci.